Labaran da Wutar da ke Ƙarƙashin Ƙasa

A watan azumi aka haifi Labaran, a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, da tsakar rana, lokacin da babu mai ko yawun tofarwa a bakinsa. Shi ya sa aka raɗa masa wannan suna, kuma masu ƙara wa zance gishiri suna cewa shi ya sa ya tashi yana neman ruwa har ya tsufa. Maganar ba ta kai nan ba. Ubansa mahaƙin rijiya ne, kakansa ma haka, kuma a gidansu da zarar yaro ya kai tsawon dagi, wato ƙarfen da ake saran ƙasa da shi, sai a ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi cikin rami, a saurara ko zai yi kuka. Labaran bai yi ba. Daga ranar ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba ya tsoron komai, ya kuma kwashe rabin rayuwarsa yana sanar da mutanen da ba su tambaye shi ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da zanen Gobirawa a kumatu, kamar an auna bakin rami sannan aka ƙera shi. A doron ƙasa ba shi da wani fasali. Yana tafiya kamar agwagwa, idanu a ƙanƙance, don shi da hasken rana ba su taɓa shiri ba. Amma in ya shiga ƙasa, a nan kam sai a ba shi girmansa. Daga Sae Sabuwa har gabas da Agiye, babu rijiyar da ya fara ya bar ta ba ta kawo ruwa ba.

Sai dai akwai abin da ke cin ransa. A ƙasarmu, gari na wanda ya sa aka haƙa rijiya ne. Mutum ya samu fili, ya kira mahaƙi, ya ciyar da shi wata da watanni. Ran da ruwa ya fito a yi guɗa, a yanka rago, wurin ya zama Gidan Wane har jikokin jikoki. Wane kuwa ko leƙa ramin bai taɓa yi ba, don jiri yake ji. Shi kuma wanda ya shaƙi ƙurar, ya bar fatar gwiwarsa a ciki, sai a ba shi riga da damin gero da kan ragon, a raka shi bakin gari da Allah shi yi albarka. Haka Labaran ya yi ta haifar garuruwa ana raɗa musu sunan wasu.

Matarsa Tata ba ta bari ya manta ba. Doguwa ce siririya, mai sana'ar ƙuli-ƙuli, kuma tun da aka kawo ta ba ta taɓa kama sunansa ba, kamar yadda ya kamaci matar kirki. Maigida take ce masa. Amma tana da wata hanyar jan kalmar nan wadda gara ta kira sunan naka a tsakiyar kasuwa. In suna tafe ya nuna wani gari da haɓa ya ce, "Rijiyar wurin nan ni na haƙa ta," sai ta ce, "Allah sarki, maigida. To mu shiga mu roƙi ruwa, ko sun tuna ka."

'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Cima. Shekarar da dogarai suka zo kamun yaran lakol, wato makarantar boko, masu hali sun ɓoye nasu a rumbu, wasu a ƙarƙashin gadon kaka. Labaran yana can ƙasan wata rijiya, Tata ta tafi kasuwa. Ko da aka jawo shi da yamma, ɗiyarsa ta riga ta zama 'yar lakol a garin Gazawa. Ya yi faɗa, ya gaji, daga baya ya riƙa cewa shi ya zaɓa mata.

Sai shekarar 'yancin kai ta zo. Nasara ya naɗe tabarmarsa, aka ɗaga sabuwar tuta, kowa yana cewa yanzu ƙasa ta koma hannun masu ita. Yawancin mutane sun ji wannan magana, sun yi rawa, sun koma gona. Labaran shi kaɗai ya ɗauke ta da gaske. Ya sa wadda ta fi kyau cikin rigunan da aka sha sallamarsa da su, ya je gaban sarkin yankin ya roƙi wata jigawa da ke bayan garin Gangara. Aka ba shi tun bai rufe baki ba. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi dalilin wannan saurin kyauta. Dalilin shi ne wurin tudu ne, ruwansa na da nisa, har kuraye ma ratsawa kawai suke yi.

Bayan girbi ya kafa bukka. Gida uku suka biyo shi, duk mutanen da suka yi faɗa da masu garinsu kuma suke neman sabon wanda za su yi faɗa da shi. Sai wani Bafillatani, Jaye, da matarsa Dija, waɗanda suka sauka da shanunsu a gefe. Aka yi yarjejeniya: takarkarin Jaye zai riƙa jan igiya yana fitar da ƙasa, in ruwa ya fito shanunsa ne farkon sha. Kafin nan mata su riƙa kora jakai zuwa wata rijiya mai nisa, su fita da sanyin safiya su dawo rana ta take, a wurin da masu rijiyar ke kallonsu kamar sun zo cin bikin da ba a gayyace su ba. Sharaɗin aikin kuwa kowa ya san shi. Dole a kai ga ruwa, a gama ɗaure rijiyar da itace kafin damina. In ruwan sama ya same ta a haka, yashi zai rufta, a koma kamar ba a yi ba.

Tun rami bai kai ƙugu ba Labaran ya fara gwada sunan a bakinsa. Yana sara yana cewa Gidan Labaran, Gidan Labaran, ramin na maimaita masa. Bai taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ba.

Aiki ya yi ta tafiya har bazara. Ya wuce gaba ashirin, ya wuce talatin, zurfin da bai taɓa kaiwa ba, domin tudu ba ya yi wa kowa ragi. Ya ratsa farin yashi, ya ratsa tsakuwa, ya faɗa wata jar ƙasa mai tauri. A daidai nan Cima ta zo hutu, ɗauke da littafin da aka ba ta kyauta don ta zo ta ɗaya a ajinsu.

Littafin yara ne, da Faransanci, mai bango mai ƙarfi da hotuna masu launi, a kan sama da taurari da yadda duniya take. Da la'asar aka shimfiɗa tabarma a inuwar bukka, Cima tana buɗewa tana fassarawa, har Dija ta ajiye ƙwaryar nononta ta matso, Jaye ya tsaya daga baya a kan ƙafa ɗaya kamar ba kallo yake ba.

Aka fara da wata. Tata ta ga fuskarsa duk ramuka kamar wanda ya yi agana, ta ce, "Ashe daga nesa yake da kyau. To, ba shi kaɗai ba." Ba ta dubi kowa ba, amma Jaye ya yi tari. Aka zo kan wata duniya mai zobe a tsakiya, Dija ta ce wannan mace ce ta sa faifai a ƙugu, kuma ko wace ce ba ta da aikin yi. Aka ga rana, aka ce ta fi duniya girma nesa ba kusa ba, Labaran ya gyaɗa kai kamar dama ya sha faɗa.

Sai Cima ta juya shafi.

Duniya ce aka yanka kamar kankana, aka cire yanki guda don a ga cikinta. Daga waje wani siririn ɓawo mai ruwan ƙasa. Ƙarƙashinsa ja, ja sosai, mai kauri. Can tsakiya rawaya kamar gwaiduwar ƙwai.

"Wanga jan fa, mi ne ne?" in ji Labaran.

"Zafi ne, baba. Malaminmu ya ce cikin ƙasa wuta ce, har duwatsu narkewa suke yi. Wani wuri ma takan fasa ta fito." Ta nuna wani ɗan hoto a gefe, dutse yana aman wuta, wasu mutane ƙanana suna gudu.

"Mu kuma muna ina?"

Ta ɗora farcenta a kan ɓawon.

Labaran ya zari tsinke daga tabarma ya gwada kaurin ɓawon. Tsinken ya rufe shi har da saura. Ya dubi tsinken, ya dubi jan, ya dubi tulin jar ƙasar da takarkari ya fitar a ranar, tana can bakin rijiya rana na haska ta. Bai ƙara tambaya ba. Ya dai ce a rufe littafin kada yara su ɓata shi, alhali yarinyar da ke wurin ita ce mai shi.

Washegari ya sauka kamar kullum. Shekara nawa yana gumi a cikin rami bai taɓa tambayar gumin daga ina yake ba, ran nan ya tambaya. Ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya ji kamar da ɗumi. Ya sake dafawa, ya tabbata da ɗumi, tunda dama shi ya je nema. Ya ɗaga dagi zai sara, sai ya tuna mutanen nan ƙanana masu gudu. Su ko suna da wurin gudu. Ya girgiza igiya da ƙarfin da ya sa takarkari ya zabura, aka jawo shi. Dagin ma a can ya bar shi.

Ya ce bayansa ne ya riƙe. Tata ta gasa masa bayan da tsumma, ta shafa masa man gyaɗa. Da bayan ya gaji da ciwo, sai ya ce ranar ba ta da kyau ga aikin ƙasa. Kashegarinta ma ba ta da kyau. Aka wayi gari duk ranakun mako sun lalace, abin da ko masu duba ba su taɓa gani ba. Cima ta koma lakol, ya ce ta bar littafin zai adana mata. Yakan zaga bayan bukka da shi da tsinkensa, ko Allah zai sa ɓawon ya ƙara kauri.

Ran kasuwar Gangara ya hangi malamin su Cima, wanda yara ke ce wa Mushe Hamidu, wato Malam Hamidu da Faransanci, yana zaɓen albasa. Saurayi ne Bazabarme daga yamma, da gajeren wando da tabarau. To, tsakanin Bazabarme da Bagobiri akwai wasan taubasai tun kaka da kakanni. Kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa, ba mai faɗa wa wani magana a miƙe, kuma ba a fushi. A duk faɗin ƙasar nan babu wanda ya fi rashin dacewa a kai wa tambayar rai da mutuwa kamar taubashi. Taubashin kuwa Labaran ya kai wa.

Ya ja shi bayan rumfar masu gishiri, ya buɗe shafin daga cikin riga kamar mai sayar da kayan sata.

"Kai bawana, tsakaninka da Allah, wutar ga tana nan?"

Mushe ya dubi zanen kumatunsa, ya dubi hoton, daɗi ya kama shi. "Tana nan daram. Gaba nawa ka kai?"

"Na wuce talatin."

"Kash. Ka ga jar ƙasa?"

"Na gani."

"To ci gaba, ubangidanka ya ba ka izini. Ni ban taɓa cin gasasshen Bagobiri ba, amma an ce akwai kitse. Ka aiko mini in zo da yaji."

Sai da ya ga mutumin bai yi dariya ba ya gane abin ya wuce wasa. Ya cire tabarau, ya sauke murya, ya yi masa bayani na gaskiya. Zafin yana nan, amma tsakaninsa da tafin ƙafarmu akwai tafiyar yini cur, a miƙe zuwa ƙasa, cikin dutse zalla. Mai hoton matse duniya ya yi don ta shiga takarda. Ya ɗaga albasa guda ya ce, "In wannan ce duniya, baba, rijiyarka ba ta huda ko busasshen ɓawon nan na sama ba. Cizon sauro ya fi ta zurfi." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, don ya kwantar masa da hankali.

Nan ne ya ɓata komai. Labaran ya kamo hanyar gida da magana biyu daga bakin taubashi guda, kuma dole ɗaya ce wasan. Ko dai shi mutum ne da ya haƙa har ya kusa fasa wutar duniya, ko kuma aikin da shi da ubansa da kakansa suka ƙarar da rayuwa a kai bai kai cizon sauro ba. Kafin ya iso jigawarsa ya riga ya zaɓa. Wacce ce ta yi kama da zagi in ba ta sauron ba? To ita ce wasan. Ya shiga gida da tsoronsa cikakke, har da ɗan alfahari a kai.

Gabas kuwa ta fara ɗaure fuska. Iska ta juya, tana kawo ƙanshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Gida ɗaya cikin ukun suka ɗaure kaya suka koma wajen mai garin da suka zaga. Jaye ya zo da sanda a wuya, cikin ladabin nan nasa wanda ya fi faɗa ciwo, ya ce shanu ba su san ranar da ba ta da kyau ba, su ƙishirwa suka sani, kuma jibi zai yi arewa da takarkarinsa. In takarkari ya tafi babu mai jan igiya, in babu igiya babu rijiya, sunan Gidan Labaran kuma ya tsaya a bakin Labaran.

Tata ta daɗe da ganewa. Macen da ke sharar bukka ba a ɓoye mata littafi, balle mai tsinke a ciki. Da safe ta aje masa koko ta zauna.

"Maigida, bayan ne har yanzu, ko ranar ce?"

"Ke ba ki san abin da ke ƙarƙashinmu ba."

"Na sani mana. Dagin mahaifinka, da ka baro can."

Sai ya fashe. Ya ɗauko littafin, ya nuna ja, ya nuna tsinke, ya ce shi ba don kansa yake ji ba, shi da ba ya tsoron komai. Don jama'a ne. Sara ɗaya ya rage wuta ta yi tsiri ta cinye Gangara da Gazawa, sabuwar tutar ma ba za ta tsira ba. "Ƙasar da anka karɓo jiya jiya, a ce Labaran ya ƙone ta?"

Tata ta saurara har ƙarshe, ta ce lallai wannan babban al'amari ne, ba na gaggawa ba, sai an gwada. Ta tafi wajen Dija ta aro man shanu, wanda zafin bazara ya riga ya mayar ruwa. In wuta na kusa, in ji ta, man zai soyu a ji ƙamshinsa daga sama. Ta kuma nace sai an zuba shi a ƙwaryar Dija mai zane, wadda ko Jaye ba a bari ya taɓa, don a cewarta ba a tarar wutar duniya da ƙwaryar banza. Ta sa ƙwaryar a ragaya, ta ɗaura ragayar a igiya da hannunta, aka zura a hankali har ta zauna a ƙasa. Kowa ya miƙa hanci. Babu ƙamshin komai sai na takarkari. Aka jawo igiya, ta fito ita kaɗai. Tata, wadda akuyar da ta ɗaure ba ta taɓa kwancewa ba, ta ce ita ma ta yi mamaki.

Dija ta zauna dirshan a bakin rijiya. Ta ce ƙwaryar nan uwarta ta ba ta, ita ma uwarta ta ba ta, kuma ba arewa ba, ko bangon duniya Jaye zai tafi sai dai ya tafi shi kaɗai. Jaye ya dubi Labaran. Kowa ya dubi Labaran. Labaran ya dafa bayansa.

"To," in ji Tata, "ni na ari kayan mutane." Ta ratsa zaninta ta tsakanin ƙafafu ta soke a ƙugu. "Jaye, matso da takarkarinka."

Mace a cikin rijiya abu ne da ba a taɓa ji ba, mazan suka fara gunaguni. Amma babu wanda ya ce a ba shi igiyar, don haka gunagunin bai yi nisa ba. Labaran ya tare ta ya ce ya hana. Ta ce, "To shiga, maigida." Ya ce bai ce ya hana ba, cewa ya yi bai yarda ba. Ta zauna a kan sandar da ke ƙarshen igiya, aka zura ta.

A nan dole a faɗi alherin mutumin. Da ya ga kanta ya ɓace a cikin duhu, ya ruga bukka ya ɗauko tulun ruwan da aka sha wahalar ɗebowa, ya tsaya a bakin rami rungume da shi, yana jiran ya ga hayaƙi ya kwara mata. Tulu ɗaya, a kan wutar da ke narkar da duwatsu. Wauta ce, amma ba kowace mace ke da mijin da zai yi mata irinta ba.

Can muryarta ta taso, siririya. "Maigida."

"Kin gan ta? Ja igiya, Jaye, ja."

"A bari. Na iske ta tana barci, na ce kana gaishe ta. Ku karɓi ƙwarya."

Ƙwarya ta fito lafiya. Man da ya sauka yana ruwa ya dawo a daskare, har Dija ta dangwala yatsa ya bar rami. Aka miƙa wa Labaran ya gani. Ya ce wutar mai wayo ce, ƙarƙashin murfi take. Aka mayar da igiya don a ɗauko Tata, sai ta aiko da kwando cike da jar ƙasa.

Ta ƙi fitowa. Ta ce wurin ya fi bukkarta sanyi, kuma tun da aka kawo ta gidan miji ba ta taɓa samun inda ba a ce mata kawo kaza ba sai yau. Ana jin dagi, tim, tim, sara irin na mai daka, ba na gwani ba. Kowane sara sai Labaran ya runtse ido ya gyara riƙon tulu. Kwando na fita yana komawa. Wajen azahar jan ya fara yin duhu. Kafin la'asar Jaye ya damƙi ƙasar kwandon ya matse, ta dunƙule a hannunsa ba ta warwatse ba. Kwandon da ya biyo baya ya iso yana ɗiga.

Dija ce ta yi guɗa. Da aka jawo Tata, taɓo har gwiwa, tafin hannu duk ya saɓule, sai ta dubi mijinta da tulunsa ta ce, "Sauke ka huta, maigida. Na kashe ta."

Abin da ya rage tsakanin Labaran da ruwa ran da ya gudo bai kai tsayinsa ba, shi da ba dogo ba.

A yi masa adalci. Washegari ya sauka, ya buɗe idon ruwan yadda ya kamata, ya miƙar da abin da ta karkatar, ya ɗaure rijiyar da itace, aka gama ana jin tsawa. Aiki ne na gwani, bai taɓa motsi ba. Shanun Jaye suka sha na farko kamar yadda aka yi alkawari. Amma shanu suna da masu su, masu su suna da baki, kuma babu mai kai labari nesa kamar makiyayi. Kafin gero ya yi kai, daga Gangara har Agiye, in an tambayi Bafillatani inda ya shayar sai ya ce Rijiyar Tata. Labaran ya bi kasuwanni yana gyara wa mutane. Su ce, "Gidan Labaran? Ina ne nan?" Ya kwatanta, ya kwatanta. Su ce, "Au, Rijiyar Tata. Ai sai ka faɗa."

Wurin ya cika, har gidan da suka gudu suka dawo suna cewa dama ziyara suka je. Shi ne mai gari, babu wanda ya ja da shi, aka naɗa masa rawani ana ce masa mai garin Rijiyar Tata. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunan garin ba, ta ce kunya take ji. Garin maigida take cewa, da jan nan nata. Mushe Hamidu ma yakan leƙo in hanya ta biyo da shi, kuma bai taɓa zuwa hannu sake ba, kullum da ƙullin yaji.

Cima ta girma ta zama malamar lakol, ta sha zama da ubanta da albasa a hannu. Yakan saurara, ya ce ilimi abu ne mai kyau, ya karɓi albasar ya cinye. Littafin bai koma hannunta ba. Ya sa an ɗinka masa jakar fata, kuma baƙo in ya sauka, bayan ruwa da fura, sai a buɗe masa shafin kankana a ba shi labarin shekarar da mai gari ya dakatar da aiki don ya ceci ƙasa, har sai da wutar ta ja da baya. Shafukan taurari suna nan sababbi fil. Wannan kuwa ya yi baƙi da yatsa. Ya ci gaba da haƙa wa mutane rijiyoyi har ƙarfinsa ya ƙare, amma a fadama kawai. In an kira shi tudu sai ya dafa baya.

Ya tsufa ƙwarai, kuma ya riga Tata tafiya. Ran da ya ji jikin ba nasa ba ne, da hantsi, ya tara dattawan gari ya raba abin da ya bari: gona ga Tata, dagi ga wanda ya iya riƙe shi, littafi a mayar wa Cima tunda dama ajiya ce. Sannan ya kamo hannun wanda ke yi wa garin haƙan kabari, ya jawo shi kusa don ya yi masa raɗa. Amma kurman tsoho bai san ƙarfin muryarsa ba, har na waje suka ji.

"In kunka ga jar ƙasa, ku tsaya hakanan."

Tata na zaune a bakin ƙofa. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kwantar da hankalinka, maigida. In sun ji tsoro, ni zan ƙarasa."

An binne shi gabas da Rijiyar Tata, cikin farin yashi.